Kwalbar Gwamnati a Gidan Ummu Ragab

Duk ruwan da kamfanin lardinmu ke turawa ƙauyuka, da ƙarfinsa yake barin matatar ruwa, sannan ya yi ta galabaita a hanya kamar kowane matafiyi. Kilorin ɗin da aka zuba masa yana raguwa, tsatsar bututu na bin sa, kafin ya kai ƙarshen layi sai dai a ce Allah ya kyauta. Na Naga Hilal ne kaɗai ke ƙara lafiya yana tafiya.

Nagwan ce ta fara tsayawa a kan wannan abin al'ajabi. Ba ta cika shekara a ɗakin gwajin kamfanin ba. Ta fito daga jami'ar Asyut da abin da aka koya mata cike da kai, kuma ba ta riga ta koyi abin da ake koya a ofis ba, wato kama baki. Kowane mako kwalaben ƙauyuka na zuwa gabanta cikin kula, kowane mako kuma na Naga Hilal, ƙauyen da ke can ƙarshen tsohon bututu bayan gonakin rake, suna fitowa tas. Babu ƙwayar cuta ko ta rantsuwa. Kilorin kuwa har ya fi wanda aka zuba a matata. Ga shi wata ƙawarta da ke aikin jinya a ƙaramin asibitin yankin ta sha gaya mata cewa yaran Naga Hilal ba sa rabuwa da gudawa.

Ta tafi wajen shugaban sashensu, Injiniya Mitwalli, mutum mai son zaman lafiya, musamman nasa. Ta same shi ya shimfiɗa wani ƙaton ƙyalle a kan tebur yana sha'awarsa. An rubuta da manyan baƙaƙe: NAGA HILAL, GARIN RUWA MAI TSABTA.

"Ranka ya daɗe, ruwan Naga Hilal ya fi na matata kilorin."

"Madalla."

"Ba abin madalla ba ne, abin da ba ya yiwuwa ne. Wa ke ƙara masa a hanya?"

"Dakta," in ji shi. Ba dakta ba ce, haka yake kiranta idan yana son ta fita. "Akwai kabarin wani waliyyi a bakin garin, bututun ta gefensa ya bi. Ni injiniya ne, amma ban raina albarka ba."

"Ta gefen lambatun garin ma ya bi. Kuma bututun ya girmi mahaifina."

"To kin ga ikon Allah, ya tsufa bai lalace ba. Shi ya sa muka cire su daga cikin waɗanda za a sauya wa bututu bana. Me za a gyara a abin da bai ɓaci ba? Kwamiti zai zauna ƙarshen wata ya sa hannu, mu kuma mu je mu rataya musu wannan, a yi hoto. Ja min ƙofar in kin fita."

Ta ja ƙofar da ƙarfin da ya wuce buƙata. Kowa ya san aikin bututu a lardin nan: wanda ya wuce shi bana, sai wata shekarar da ba a raɗa mata suna ba tukuna.

Mutum ɗaya ne ke ɗebo ruwan gwaji a ƙauyukan yamma, shi ne Baba Shahata. Shi ke da takardar izini, tun kafin a haifi Nagwan yake wannan aiki, kuma aikin ya karɓe shi, don jallabiyarsa ta fi ta kowa faɗi a kamfanin. Ranar zagayensa ya tarar da ita zaune a gaban akori-kurar kamfanin, ta ɗaure ɗankwali tamau.

"'Yata, me za ki je yi cikin ranar nan? Ki zauna a sanyinki, ni in kawo miki."

"Waliyyin nake son in ziyarta, Baba."

Gidan farko a Naga Hilal na Ragab ne, mai shagon taki, amma duk garin gidan Ummu Ragab ake ce masa, da sunan mahaifiyarsa. Baba Shahata ya tuɓe takalmi a zaure, ya zauna a inda ko ba a faɗa ba wurinsa ne, don katifar ta riga ta lotsa daidai da shi. Shayi ya zo, baƙi ƙirin. Faranti ya biyo baya, fatir mai zafi, gurasar nan mai ninki-ninki, yana naso da man shanu, ga maɗin rake, ga tsohon cuku. Can sai wani hannu ya ɓullo ta bayan labulen da ya raba zaure da cikin gida. Baba Shahata ya zaro kwalba daga kula ya ɗora a hannun, ko kallonsa bai yi ba. Hannun ya koma.

"Baba, ina kwalbar za ta?"

"Famfo."

"Kai fa?"

Ya tsaya da loma a hanya. "Ni? Cikin gidan mutane, da matansu a ciki? A'uzu billahi. 'Yata, nan kudu ne, ba Alƙahira ba. Namijin da ya leƙa bayan labulen nan, takalmansa kaɗai za a mayar wa iyalinsa. Sa hannu, fatir ɗin nan ba ya son jira."

Nagwan ta ɗaga labulen ta shige.

Ta tarar da Ummu Ragab a bakin wurin wanke-wanke, 'yar tsohuwa guntuwa cikin baƙaƙen kaya, ta ɗaga kwalbar sama tana leƙen cikinta da ido ɗaya.

"Kullum da datti a gindinta," in ji ta, ba tare da ta juyo ba. "Gwamnati guda, ta kasa wanke kwalba."

Kafin Nagwan ta buɗe baki, tsohuwar ta kakkaɓe ɗan farin garin da ke ciki, ta cuɗe kwalbar da sabulu, ta tsiyaya mata kilorin ɗin wanki, ta girgiza, ta zubar. Sannan ta wuce famfo kamar ba ta san shi ba, ta je wajen wata randa da aka rufe da farin mayafi, ta cika kwalbar da ruwa garai-garai, ta goge ta da gefen gyalenta.

"Hajiya, garin nan da kika zubar ba datti ba ne. Mu muke sa shi, yana cikin aikin gwajin."

"To ku daina."

"Kuma ruwan famfo muke so, ba na randa ba."

Matan da ke tsakar gidan suka ɗago kai. Ummu Ragab ta juyo a hankali, ta ƙare wa baƙuwar kallo daga ɗankwali zuwa takalmi.

"'Yar wa ce ke?"

"Daga kamfanin ruwa nake, Hajiya. Ni ke gwada kwalaben."

"Kin yi karatu ke nan. To karanta min abin da ke jikin wannan."

"Gidan Ragab Abdul-Mawla, Naga Hilal."

"Sunan ɗana. Za a ɗauki sunan ɗana a kai birni, a ajiye gaban manya, da wannan abin a ciki?" Ta murɗa famfon. Ya yi tari, ya tofar da wani abu ruwan ɗorawa, sannan ya fara zubo ruwa mai ɗan haske da wari kamar na tsumman da ya kwana a jiƙe. "Ko maroƙi ba na ba wannan, balle gwamnati. Na randar nan sai da na tafasa shi, na sa masa alif, ya kwanta. Shi ake ba baƙo. Kwalba kuma baƙuwa ce."

"Sauran gidajen ma haka suke yi?"

"Ni na koya musu," in ji Ummu Ragab, tana gyara tsayuwa.

A gefe, matar Ragab na zaune a kan tabarma da 'yarta a cinya, yarinyar ta yi laushi, idanunta sun faɗa. Nagwan ta tambaya ko ita ma na randa take sha.

"In ana kallonta," in ji uwar. "Kina juya baya ta kafa baki a famfo. Ran da gas ya ƙare kuma, kowa ya sha abin da ya samu."

Nagwan ta yi bayani. Ta yi shi da zafi, ta yi shi da sanyi, ta yi shi da lallashi. Ta ce manyan birni ba su san komai game da ruwan nan ba sai abin da kwalba ta gaya musu.

"Ba su ke turo shi ba?" in ji Ummu Ragab.

"Su ne. Amma abin da kuka aika musu kaɗai suke dubawa."

"To sun san mu masu tsabta ne. Alhamdu lillahi."

Abin ya ishi Nagwan. Ta cika wata kwalba da ta ɓoyo a jakarta daga famfon, ta nufi labule. Sai ta tuna da Kom Zarzur, ƙauyen da ke tsallaken magudanar ban-ruwa. Tsakanin garuruwan biyu akwai tsohuwar gaba, wasu sun ce kan ɓauna ce, wasu sun ce kan amarya, waɗanda suka san gaskiya duk sun mutu. Ta sunkuya kamar mai gyara takalmi.

"Ba komai, Hajiya. Mutanen Kom Zarzur dai sun ji daɗi."

"Daɗin me?"

"Su za a sa wa sabon bututu bana. An ce ruwansu ya fi naku lalacewa."

"Kom Zarzur?" Muryar tsohuwar ta haye katanga. "Waɗanda ke wanke ƙafa a tukunyar miya? Su suka fi mu?"

"A lalacewar ruwa kawai, Hajiya."

"Ƙarya suke yi! Daga nan har Aswan babu ruwan da ya kai namu lalacewa! Ku kuna ji? Wai Kom Zarzur!"

"Saboda haka mako mai zuwa a cika kwalbar daga famfo. Daga famfo kawai, kada a..."

Babu wadda ke sauraronta. Mata biyu sun riga sun hau soro suna shelanta wa maƙwabta. Nagwan ta koma mota tana murmushi, tana ganin kanta gwanar sanin halin mutane. A zaure Baba Shahata na suɗe yatsa.

Mako ya zagayo. Baba Shahata ya ajiye kula a ɗakin gwaji, ya fice da saurin da ba a san shi da shi ba. Nagwan ta buɗe.

Kwalbar farko kore ce shar. Ta biyu akwai gashin jaki a ciki. Ta uku ko ba a buɗe ba ƙarnin kifi na fita. A cikin ta gidan Ragab Abdul-Mawla kuwa, wani talibambam ne ke iyo cikin nishaɗi, ya je bango ya dawo.

Labari ya kai ofishin Injiniya Mitwalli kafin ta rufe kular. Ya zo da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya sa aka juye talibambam ɗin a kofin shayi, ya ɗaga shi sama yana dariya har da hawaye.

"Dakta, ta ina wannan bawan Allah ya bi? Ta matata? Ta rariyar bakin famfo? Kin je ziyara sau ɗaya, ga abin da waliyyi ya aiko mana. Wannan zagon ƙasa ne. A zubar. Sakamakon baya na nan daram, shi za a kai wa kwamiti. Wannan kuma a ajiye min shi a tebur, na raɗa masa suna Ƙaramin Dakta."

"Ina da kwalbar da na ɗiba da kaina daga famfonsu, ranka ya daɗe. Na gwada ta. Cike take da ƙwayoyin cuta."

"Da kanki? Kina da takardar izinin ɗiba?" Ya gyara murya, ya ɗaga yatsa. "Doka ta ce ba a karɓar ruwan gwaji sai wanda ma'aikaci mai izini ya ɗiba, da hannunsa, daga bakin famfo."

Shekara da shekaru dokar nan na sharar barci a kamfanin, ba wanda ya taɓa ko yi mata tari. Ranar da aka buƙace ta don a toshe bakin wata, sai ga ta ta farka garau, har da wanka.

"Da hannunsa," in ji Nagwan a hankali. "Daga bakin famfo."

"Haka doka ta ce. Ba ni na rubuta ba."

"Na gode, ranka ya daɗe."

Wannan karon ta ja ƙofar a hankali, abin da ya kamata ya ba shi tsoro.

Ta sami Baba Shahata a gindin bishiyar da direbobi ke shan shayi. Ta maimaita masa kalmomin Injiniya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce ko dai ya shiga kicin ɗin Naga Hilal da ƙafarsa, ko ta tashi a gaban kwamiti ta faɗi yaushe rabon hannunsa da famfo.

"'Yata, ki ji tsoron Allah. Ritaya ta kusa. So kike a yanka ni a kan ruwa?"

"So nake ka ɗebo shi, Baba. Shiga mota."

A gidan Ummu Ragab aka yi shari'ar ta cikin labule: Baba Shahata a zaure, tsohuwa a ciki, Nagwan tsaye a tsakiya, rabin jikinta nan rabi can.

"Hajiya, talibambam? Talibambam fa!"

"Ɗan taimako ne kawai. Jikana ma sai da ya sha wuya kafin ya kamo shi."

"Taimakon ya ba Kom Zarzur bututu. An zubar da kwalabenku duka, an ce ƙarya ce."

"Mu aika mai kyau, ki ce ƙarya. Mu aika marar kyau, su ce ƙarya. To me kuke so, ku 'yan boko?"

"Abin da ke fitowa daga famfo, ba ƙari ba ragi. Kuma sai Baba ne ya ɗiba da hannunsa."

"Wallahi ba na shiga!" Baba Shahata ya ɗaga murya daga zaure. "Hajiya, ki shaida, ba ni na nema ba. Ubana bai taɓa taka gidan wani da mata a ciki ba, ni ma haka zan koma ga Allah."

Daga ciki ana jin kukan 'yar Ragab, siriri, irin na yaron da ƙarfinsa ya ƙare. Ummu Ragab ta juya ta kalli wajen, ta daɗe tana kallo.

"Shahata," in ji ta, "matan ne matsalarka?"

"Mutuncinsu, Hajiya."

"In babu mace ko ɗaya a gidan fa?"

"Ai... ai wannan ba gida ba ne kuma, gini ne."

"To gobe da hantsi ka zo ka shiga gini."

"Me ya hana yau?" in ji Nagwan. "Kwamiti ya kusa zama."

"Ke! Baƙon namiji zai ga kicin ɗina a haka? Gobe na ce."

"Ragab zai yarda?"

"Ragab zai faɗi abin da na faɗa. Ni na haife shi."

"To ku wanke komai, Hajiya, har rufin ɗaki in kuna so. Amma duk wadda ta kusanci famfo da kilorin, ta sani Kom Zarzur take yi wa aiki."

Washegari da hantsi akori-kura ta shigo Naga Hilal ta kasa wucewa. Matan garin kaf suna titi. Sun cika dakali, sun fito da kujeru da tabarmi, wasu da tiren shinkafa suna tsinta, wata da keken ɗinkinta, tsofaffi a inuwa, amare a baya suna rufe baki da gyale. Mazan sun taru a shagon shayi na tsallake, kowa na yi kamar domino yake bugawa. Wata mata ta jawo ɓaunar da take kiwo ta ɗaure a jikin turken lantarki.

"Ita kuma fa?" in ji Nagwan.

"Mace ce. Kada a ce an bar shi da mace a gida."

Baba Shahata ya sauko da kula a hannu kamar mai ɗauke da makararsa. Ya tsaya a ƙofar Ummu Ragab ya yi sallama. Ya sake yi. Ya ƙara da gyaran murya.

"Babu kowa, Shahata, ga mu nan bayanka! Shiga!"

"Baba Shahata, in ka ga kaza ka sunkuyar da kai, matar zakara ce!"

"Kada ka buɗe min tukunya, na ƙirga naman!"

"Ku bar shi, yau ango ne, zai shiga ɗaki!"

Ya shige, kansa a ƙasa, yana ta istigfari. Nagwan ta zagaya ta tsaya a tagar kicin ta waje, don kada gobe a ce hannunta ya taɓa wani abu. Kicin ɗin na ƙyalli kamar za a kawo amarya, har ledar kan tebur sabuwa ce. Baba Shahata ya tsaya gaban famfon yana kallonsa kamar tsohon abokin da ya manta sunansa.

"Cire rariyar bakin, Baba. Yauwa. Ɗauko auduga a kula, ka kunna, ka ƙona bakin famfon. Bakin famfon, ba labulen Hajiya ba! Yanzu buɗe, bar shi ya zuba. Kada ka taɓa cikin murfin."

"Na sani, 'yata, na sani. Ni na koya wa wasu."

"Wace shekara?"

Ya cika kwalbar ya rufe. Ya ɗibi kaɗan a 'yar ƙaramar kwalbar gwajin kilorin, ya jefa ƙwayar maganin da ke sa ruwa ya yi ja-ja in akwai kilorin a ciki. Ya girgiza. Ruwan bai ko yi kunya ba, ya tsaya fari yadda yake. Ya kai shi hanci, ya kau da kai da sauri.

Da ya fito, masu tsokana suka ga fuskarsa suka ɗan sassauta.

"Duk shayin da na sha a gidan nan..." in ji shi.

"Da na randa ake dafa maka, kwantar da hankalinka," in ji Ummu Ragab.

"Wallahi ban sani ba, 'yata."

"Labule ɗaya ne tsakaninku, Baba," in ji Nagwan. "Saura gidaje. Mu je."

Haka ya bi layin gida-gida, mata na rakiyarsa da baki, har ya saba, har a gidan ƙarshe ya shiga da sallama ɗaya tak. Da aka gama, Ummu Ragab ta ce a nuna mata kwalbar gidanta. Ta ɗaga ta a rana. Ruwan ya yi haske, ba kore, ba gashi, ba abin da ke motsi. Fuskarta ta faɗi.

"Wannan ne zai kayar da Kom Zarzur? Wannan ai ko ni sai in sha. 'Yar nan, ki bari a ɗan ɗiga masa wani abu. Kaɗan. Don ya yi kama da kansa."

Nagwan ta karɓe kwalbar, ta sa a kula, ta rufe, ta haye kan murfin ta zauna. A haka ta koma birni, a bayan akori-kura, rana na dukanta, ba ta sauka ba sai a ƙofar ɗakin gwaji.

Abin da ido bai gani a kwalba ba, faranti ya nuna shi. Da ta fito da farantan gwajin daga akwatin ɗumi, kowanne ya yi dabbare-dabbare da ƙwayoyin da mazauninsu hanji ne, ba kofin sha ba. Lambatun garin na shiga tsohon bututun, ba tun yau ba. Ta jera su a tire kamar mai kai wa baƙo abinci, ta sa Baba Shahata a gaba, suka shiga ofishin Injiniya Mitwalli. Ƙaramin Dakta na nan a kofinsa, har ya fara fitar da ƙafafu.

Injiniya ya kalli farantan, ya kalli ƙofa, ya kalli silin.

"Wa ya ɗiba?"

"Ni, ranka ya daɗe," in ji Baba Shahata. "Da hannuna, daga bakin famfo. Gaban matan garin duka. Da ɓauna."

"Dokar nan dai," in ji Nagwan, "wadda ba kai ka rubuta ba, ta ce irin wannan sakamako a sanar da hukumar lafiya ranar da ya fito. Ga waya nan kusa da kai. Ko in ɗauko maka?"

Ya daɗe yana shafa gashin baki. Mutum ne da bai taɓa iya gyara bututu ba, amma ya iya gane inda iska ta juya. Ya ɗauki waya, ya miƙe tsaye, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, Mitwalli ne. Binciken nan na musamman da na ba da umarnin a yi a Naga Hilal... E, ni dama na daɗe hankalina bai kwanta da sakamakonsu ba. Ruwa ya fi na matata kilorin? Ai ko yaro ya san ba ya yiwuwa."

Nagwan ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Ta buɗe baki, Baba Shahata ya taka mata ƙafa da duk nauyinsa na shekaru. Ta rufe. Bututun take so, ba hoton ba.

Kwamiti ya zauna, Naga Hilal ta koma cikin aikin bana. Kafin nan aka fara aika musu tankar ruwa. Ranar da manyan motoci suka sauke baƙaƙen bututu a bakin garin, Nagwan ta je. Ta tarar an kafa ƙyallen Injiniya a kan sanduna ya zama rumfar masu layin tanka, GARIN RUWA MAI TSABTA na yi wa jarkoki inuwa. 'Yar Ragab na tsakanin jarkokin tana bin wata agwagwa da gudu.

Ummu Ragab ta kamo hannun Nagwan ta ja ta gefe.

"An ce Kom Zarzur ma za a yi musu."

"Za a yi, Hajiya. Su ma yara gare su."

Tsohuwar ta taɓe baki. "To da wa za a fara?"

"Da ku. Naku ya fi lalacewa."

"A takarda?"

"A takarda, da hatimi."

Ummu Ragab ta juya ta fuskanci tsallaken magudana, ta sa hannu a baki ta rangaɗa guɗa. Layin tanka gaba ɗaya ya ɗauka.

A hanyar komawa Baba Shahata na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na cikin ƙunshin fatir ɗin da aka ba shi, bayan ya cika kwalbarsa da kansa. Nagwan na kallon ƙauyukan da ke wucewa ta taga, kowanne da hasumiyarsa, kowanne da zaurukansa masu labule. Akwai wasu daga cikinsu da ruwansu bai taɓa faɗuwa gwaji ba.

"Baba."

"Na'am, 'yata."

"Wane gari kuma ake ba ka fatir?"

Ya daina tauna. Motar ta yi tafiya mai ɗan nisa, ta wuce wani amalanken rake, ta tsallake gada.

"Ki bari in haɗiye wannan tukuna," in ji shi.